Buƙata ta Bakwai

Ni dai ban taɓa cewa Abdulsalami mugun mutum ba ne, duk wanda kuma ya ce ya ji haka daga bakina, shi da Allah. Da ma mugun ne, ai da na huta. Abin da ya tokare mini maƙogwaro abu biyu ne, kwas ɗin da aka tura shi Zariya da kujerar Alhaji Gwadabe.

Rana ɗaya muka kama aiki da shi a ofishin ruwan karkara a Karaye, a shekarar 1979. Shi ɗan cikin gari ne, ubansa tela, hannunsa bai taɓa yin kanta da fartanya ba. Ni mutumin Tudun Kaya ne, mahaifiyata Bafullatana daga Fulatan. Ni na koya masa hawa babur, ya zubar da ni sau biyu a hanyar Rogo. Ni na nuna masa yadda ake gaida dagaci da inda ake tuɓe takalmi. In aka ga Mijinyawa, wato ni, to an san Abdulsalami yana baya riƙe da jaka. Shekara takwas muna haka, ba wanda ya ji kanmu.

Sai takarda ta zo daga Kano, a tura mutum ɗaya ya yi wata tara yana koyon tsara ayyuka. Alhaji Gwadabe, shugaban sashenmu, ya kira ni ofishinsa ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Daga shayin nan na san an yi ba ni.

"Mijinyawa, kai ne idon ofishin nan a ƙauye," in ji shi. "In na tura ka, wa zai riƙe mini fili?"

Irin yabon da ake yi wa jaki ke nan ranar da za a labta masa mangala. Na ce na gode, ranka ya daɗe. Na raka Abdulsalami tasha har da ɗaukar masa akwati, na dawo gida na ƙi cin tuwo.

Ya dawo a tsakiyar daminar 1988 da tabarau da wani baƙin littafi mai kauri. Hali kuwa bai canza ba, har yanzu shi ke fara gaida ni, ya kuma yo wa matata Zaituna tsarabar atamfa. Wannan ma ya ba ni haushi. A lokacin kowa ya san Alhaji Gwadabe ya kusa yin ritaya, kuma duk ofis an san tsakanin mu biyu ne wani zai gaje shi. Kafin kwas ɗin nan, ko masinja ka tambaya zai ce maka ni ne.

Wata Litinin Alhaji ya tara mu, ya ce Abdulsalami ya gaya mana abin da ya koyo. A da, yadda muke aiki ba wani wahala. Mu je wurin dagaci, a dama fura, ya ɗaga sanda ya nuna wuri, mu dawo mu kwafi zanen bara mu canza sunan gari. Abdulsalami ya tsaya gaban allo ya ce daga yau kada a ja layi ɗaya a takarda sai an san wa zai yi amfani da aikin, me yake buƙata, a wane lokaci, kuma su nawa ne. A tambayi kowa da kowa, ba dagaci kaɗai ba. Kowace buƙata a rubuta ta a ba ta lamba, yadda ko bulo ɗaya ka nuna a cikin zane, za a iya gaya maka lambar buƙatar da ta haife shi. In an gama, a koma a karanta wa mutanen abin da aka rubuta, su ce i ko a'a. Daga ƙarshe a samu wanda ya fi ka sanin wurin, ya duba, ya sa hannu.

Na ce, "Wato yanzu sai mun je Zariya kafin mu san ana tambayar mutane?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Ai a wurinka na fara koya, Malam Mijinyawa. Can lamba kawai suka ƙara mini."

Ka ji irinta. Mutum ya hana ka ko faɗan da za ka yi da shi. Na koma gida na juya maganarsa ta kowane gefe ina neman inda zan kama, ban samu ba. Sai ma na tuna da wata rijiya da muka gina a wani ƙauye dab da maƙabarta, siminti mai kyau, ruwa garau, har yau ko akuya ba ta sha. Da an tambayi mace ɗaya a garin, da ba a yi wannan asarar ba. Ni kuma na zaɓi wurin.

Zaituna ta ajiye mini abinci ta tsaya tana kallona.

"Malam, tun da Abdu ya dawo, ko gishirin miyata bai ƙara yi maka daidai ba."

"Ina ruwan Abdu da miyarki?"

"Oho dai. Hassada ga mai rabo taki ce."

Na ce ta fita ta ba ni wuri. Ta fita tana dariya ƙasa-ƙasa, dariyar nan ta fi zagi ciwo.

Da kaka ta yi, aka kawo aikin da zai raba gardama. Za a gina mashayar shanu tsakanin Fulatan da Jajaye: rijiyar burtsatse, injin da zai ja ruwa, tanki a sama, da kwamin siminti inda dabbobi za su sha. Duk bazara sai an yi rigima a wajen, makiyaya na neman ruwa, manoman Jajaye na tsaron fadamarsu. Alhaji ya ba Abdulsalami tsarawa, ni kuma aka sa ni in kai shi, in fassara masa Fillanci, in duba aikinsa a ƙarshe. Ba sai an gaya mini ba, in mashayar nan ta yi kyau kujera ta zama tasa.

Mako uku muna yawo a kan babur ɗina. Gaskiya ɗaya ce, ko ba ka son mutum ka ga rawarsa. Ya zauna da matan ruga, suka ce a yi musu famfo dabam nesa da kwami, don ba sa wanke ƙwaryar nono inda saniya ta sa baki. Shekara tara ina zuwa aiki wurin nan ban taɓa jin wannan ba. Ya zauna da wani manomi a Jajaye, Sulle, mai albasa a bakin fadama, wanda ya ce shi ba ruwansa da tanki, a dai ja burtali ya kauce wa gonarsa. Duk ya rubuta ya ba su lamba. Ni ina gefe ina fassara.

Rugar da ta fi kowace girma ita ce ta Arɗo Liti, yayan mahaifiyata. A nan na yi duk hutun makarantata ina yaro. Muka isa da hantsi, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa, aka yi gaisuwa har ta gaji, aka kawo kindirmo. Abdulsalami ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana amsawa da sakin fuska. Sai ya zo kan ta bakwai.

"Arɗo, shanun gidan nan za su kai nawa?"

Kawu ya dubi ƙasa, ya gyara zaman sandarsa a kan cinya.

"'Yan bisashe ne dai, Malam, ba su taka kara sun karya ba. Talatin, in an haɗa da gurguwa."

Na fassara masa yadda aka faɗa, ban ƙara ko wasali ba.

Wanda bai tashi a ruga ba ba zai gane ba. Bafillace ba ya faɗin yawan shanunsa. Tsofaffi ba su manta da jangali ba, ko da yake an daɗe da daina karɓa, a wurinsu duk mai biro da ya tambayi adadi, to akwai abin da ke biyo baya. Ban da haka akwai tsoron baki, akwai kuma kunya, don faɗin abin da ka mallaka alfahari ne. Ka je ka ƙirga da idonka ma ba za ka samu ba, saboda da kaka rabin garke ba ya gida. Samari sun yi nisa da bijimai da shanun da ba a tatsa, sai masu nono aka bari.

Amma akwai abin da ba ya ɓoyuwa, shi ne dangwali. Doguwar igiya ce da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu a gaban ruga, an yi mata madaukai a jere, kowane madauki na wuyan maraƙi ɗaya. Nan ake ɗaure maruƙa kafin a yi tatsa. Kawu da kansa ya koya mini ina ɗan shekara goma, ranar da muka je gaisuwar mutuwa wata ruga. Ya ce kada ka taɓa tambayar mutum shanunsa, ka dubi dangwalinsa, duk maraƙi ɗaya ka sa biyar a bayansa, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Ina zaune a kan tabarmar nan, dangwalin Kawu yana gabana, bai fi taku ashirin ba. Na ƙirga madaukai arba'in da shida, duk sun yi sulɓi don amfani. Ɗari biyu da talatin ke nan. Wallahi na buɗe baki zan yi magana, sai Kawu ya juyo ya ce mini da Fillanci:

"Ɗan ƙanwata, wannan abokin naka ɗan albarka ne. Tun da nake, ban taɓa ganin mutumin gwamnati da ya zauna ya tambaye mu abin da muke so ba sai shi."

Ni fa ya gaya wa haka. Ni da na shekara tara ina zuwa masa da goro, ni da na yi ta kai kukansu ofis har aka kawo aikin. Na rufe bakina. Abdulsalami ya tambaye ni me Arɗo ya ce, na ce yana yi mana addu'a.

Kada a ɗauka Abdulsalami wawa ne. A hanyar komawa ya ce mini ya san ba za su faɗi gaskiyar adadin ba. Rugage goma sha ɗaya suka ba shi jimlar ɗari uku da goma, ya ninka sau biyu. Bai tsaya nan ba, ya yi sammako kwana huɗu a jere ya tsaya bakin burtali yana ƙirga shanun da ke fita kiwo, ya samu ɗari biyar da tamanin. Ya ga lissafin biyu sun kusa haɗuwa, ya ƙara wani abu a kai don kada a yi ƙwauro, ya rubuta: buƙata ta bakwai, shanu ɗari bakwai su sha su ƙoshi kafin azahar. A kan wannan layin ya auna girman tanki da ƙarfin inji da tsawon kwami. Da ya koma ya karanta wa makiyaya, da suka ji ɗari bakwai sai kowa ya ce ai ya ma yi yawa, Allah ya saka da alheri. Me kake so su ce?

Ni kuwa duk rugar da muka shiga sai na ƙirga dangwali a zuci, don ido ba ya iya barin abin da ya saba. Lissafina ya haura dubu ɗaya da ɗari biyar.

Ranar da zan sa hannu, baƙi suka zo daga Kano. Alhaji Gwadabe ya baje zanen Abdulsalami a kan tebur yana nuna musu lamba-lamba, kamar shi ya haife shi. Ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa ya ce, "Yauwa, Mijinyawa, taimaka ka sa a ƙaro kujeru." Na je na ɗauko kujeru biyu da hannuna.

Bayan sun tafi, Abdulsalami ya same ni a teburina da baƙin littafinsa. Ya ja benci ya zauna kusa da ni, yadda muke zama a da.

"Abokina, duk sauran na gamsu da su. Ta bakwai ce ta hana ni sakewa." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Komai a kanta ya tsaya. Kai ɗan gida ne, ka fi ni sanin mutanen nan nesa ba kusa ba. Akwai abin da ya wuce ni?"

Ya cire tabarau yana jira. Na dubi layin kamar mai nazari. Kalma ɗaya ce, dangwali, da na faɗe ta da an wuce wurin. Amma na hango yadda za a yi: ya rubuta ta da kyakkyawan rubutunsa, ya gyara zane, mashaya ta yi kyau, a ce Abdulsalami ya san Fulani har cikin rugarsu. Abin da kawai ya rage mini wanda Zariya ba ta ba shi ba, shi ma in miƙa masa?

Na ce, "Ba komai. Aiki ya yi kyau."

"Ka tabbata?"

"Ba komai, Abdu."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ya miƙo mini biro. Na sa hannu. Na gaya wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, shiru kawai na yi. Abin da na zata shi ne ruwa zai ɗan gaza, a yi 'yan ƙorafe-ƙorafe, a kira ni in gyara, kowa ya gane littafi ba ya maye gurbin sanin ƙasa. Iyakar muguntar da na shirya ke nan, Allah shi ne shaida.

Aka yi shekara ana gini. Aka buɗe mashaya a farkon 1990, da kiɗa da jawabai, Sulle ma ya zo ya ga burtali ya kauce wa gonarsa ya yi godiya. Watan farko lafiya lau. Sai bazara ta kama. A da, in zafi ya yi, kudu ake kora yawancin garken neman ruwa. A bana kuwa an ji akwai ruwan gwamnati a gida, kowane uba ya aika wa 'ya'yansa su dawo da shanu. Ko ni ban hango wannan da kyau ba.

Kafin hantsi ya ɗaga tanki ya ƙafe. Mai kula da inji ya riƙa barin sa yana aiki tun asuba har la'asar ba hutu, a mako na uku ya yi hayaƙi ya mutu. Ranar wata Alhamis shanu sun fi dubu suna tsaye a rana kewaye da busasshen kwami, suna kuka. Iska ta kaɗo musu ƙanshin ruwan fadama. Yara makiyaya suka yi iyakar ƙoƙarinsu da sanda, amma wa zai tare saniya mai ƙishi? Suka ratsa shinge suka bi ta kan albasar Sulle, saura kwana goma ya cire ta. Sulle ya fito da gatari ya sari wata karsana, babban ɗan Kawu ya rotsa masa kai da sanda. Allah ya kiyaye ba a yi rai ba. Sulle ya yi kwana tara a asibiti, ɗan Kawu ya yi mako biyu a tsare.

Da na je wurin da yammacin ranar na ga gonar, kamar an yi sussuka a cikinta. Abdulsalami yana tsaye a bakin kwami, rigarsa duk laka.

Aka turo kwamitin mutum uku daga Kano. Muka taru a ofishin Alhaji Gwadabe. Shugabansu, wani dattijon injiniya mai furfura, ya tambayi inda kuskure yake. Da a tsohon tsarinmu ne, da sai a shekara ana nuna wa juna yatsa, mai gini ya ce mai inji ne, mai inji ya ce Allah ne. Abdulsalami ya miƙe ya buɗe littafinsa.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Buƙata ta bakwai. Tanki da inji da kwami duk an yi su daidai da abin da na rubuta, abin da na rubuta ne ba daidai ba."

"Ba wanda ya duba maka?"

"An duba lissafina, kuma lissafin bai da aibi. Adadin ne ya gaza, ni kuma na tattaro shi."

Ya zauna. Ko kallon inda nake bai yi ba. Dattijon ya jinjina kai, ya ce to yanzu in za a gyara, yaya za a san yawan shanun mutanen da ba sa faɗa? Alhaji Gwadabe ya dube ni.

Wannan ce ranar da na shekara biyu ina jira. Na so in yi shiru, na rantse na so, amma bakina ya riga ni. Na miƙe na yi musu bayanin dangwali tiryan-tiryan, da madaukai, da ninkawa sau biyar, da yadda ake raba garke da kaka. Na ga idon dattijon ya yi haske, na ga Alhaji yana murmushi yana gyaɗa kai. Daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa, ba zan ɓoye ba.

"Madalla," in ji dattijon. "Wannan ba ya cikin kowane littafi. A ina ka samo shi?"

"A rugar kawuna, ranka ya daɗe. Tun ina yaro na san shi."

Sai da maganar ta fita na ji ta. 'Yan kwamiti ba su lura ba, suna ta rubutu. Alhaji Gwadabe ya daina murmushi na ɗan lokaci, sannan ya kawar da kai, don shi abin da yake so a rufe magana ya yi ritaya lafiya. Abdulsalami ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ya ɗauki biro ya ce, "Sau biyar ka ce?"

Na ce, "Sau biyar."

Ya rubuta.

Bayan wata ɗaya takarda ta zo. An mayar da Abdulsalami can gabas, wajen Gumel, ni kuma an ba ni kujerar Alhaji Gwadabe, tare da umarnin in faɗaɗa mashaya kafin wata bazarar. Mutane suka yi ta zuwa taya murna. Zaituna ta dafa musu shinkafa, ta yi duk abin da ya kamata, amma ita ba ta ce mini barka ba, ni kuma ban tambaye ta dalili ba.

Na hau babur na tafi Fulatan in fara ƙirgar dangwali a fili, da takarda da biro. Na tarar rugar Kawu ba kowa. Bayan an sako ɗansa ya ce ba zai zauna inda aka zubar da jini saboda shanunsa ba, ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, ko sallama bai aiko mini ba. Turakun nan biyu suna nan a kafe, an kwance igiyar an tafi da ita. Na zauna a gindin ɗorawa na ɗan jima, sannan na wuce ruga ta gaba.

Ranar da Abdulsalami zai tafi, na sami baƙin littafin a kan sabon teburina. Ya sake rubuta takardar tambayoyi da hannunsa don masu zuwa. A ƙarƙashin ta bakwai ya ƙara layi: kada a tambayi makiyayi adadi, a ƙirga madaukan dangwali a ninka sau biyar, a kuma tambayi garken da ba ya gida. A gefe ya sa, daga bakin Malam Mijinyawa. Na duba shafi-shafi ina neman inda ya zage ni ko da da habaici ne, ban samu ba. Na ji haushi ya taso mini irin na da, don ko faɗuwa ce mutumin nan ya fi ni iya ta.

Na bar ofis na tafi tasha. Na same shi an ɗaura akwatinsa a kan mota, wannan akwatin dai da na taɓa ɗaukar masa. Matarsa da yara sun riga sun shiga. Muka gaisa, ya tambayi Zaituna da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

"Ka ga littafin?"

"Na gani."

"Ka sa inji biyu, ɗaya ya riƙa hutar da ɗaya. Kuma ka je ka ga Sulle da kanka, kada ka aika."

Na ce to. Kwandasta yana ta bubbuga mota yana kiran saura mutum ɗaya. Tun daga ofis nake shirya abin da zan faɗa, na jera shi tsaf, amma da na zo gabansa sai ya maƙale. Na ce, "Abdu."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a cikin mota. Ya cire tabarau, yana jira, kamar ranar nan.

"Akwai wani abu?"

Na dubi akwatin, na dubi ƙasa.

"Ba komai."

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya ce, "To," ya mayar da tabaraunsa ya shiga.

Na yi shekara goma sha ɗaya a kujerar nan. Mashaya ta gyaru, har yau ana sha. Duk ma'aikacin da aka kawo mana sai na koya masa tsarin littafin, da lamba-lamba, da komawa a karanta wa mutane, da neman wanda ya fi ka sani ya duba. Ƙirgar dangwali kuwa lissafin Mijinyawa suke ce mata, in sun faɗa sai su dube ni da girmamawa. Ban taɓa gyara musu ba, kuma ban sake ganin Abdulsalami ba.